Yadda za ka ba mutum shawarar fim na wani harshe har ya kalle shi zuwa ƙarshe

A fadarmu da ke unguwar Birni, bayan sallar isha'i, idan an ɗora butar shayi a kan gawayi, da wuya a watse ba tare da wani ya ce ya gaji da fina-finan da ke cikin wayarsa, a faɗa masa wani sabo ba. Abin da yakan biyo baya shi ne mutum uku ko huɗu su amsa a lokaci guda, kowa ya jero sunaye, na Indiya da na Koriya da na Turkiyya, mai tambaya ya yi ta gyaɗa kai, kafin a zuba shayi na uku ya manta da su gaba ɗaya. Na daɗe ina lura da wannan, kuma yana damuna, domin akwai fina-finan da suka ƙara mini tausayin iyayena da maƙwabtana, ina kuma son mutanen da nake ƙauna su gan su, amma jero sunaye bai taɓa kai kowa gare su ba. Abin da nake auna shawarata da shi guda ɗaya ne, wato ko mutumin ya kalla har ƙarshe, sannan ya dawo da kansa yana son a yi zancen.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen kallon abin da ba mu jin harshensa. Shekaru da dama kafin a fara fassara, fina-finan Indiya sun cika gidajen silima na ƙasar Hausa, iyayenmu suka haddace waƙoƙinsu, suka san jarumi suka san mugu, suka yi kuka a inda ya kamata a yi kuka, alhali ba su jin kalma ko ɗaya ta Indiyanci. Daga baya na ƙasar Sin suka shigo, yara suka cika lunguna da kwaikwayon dukan Bruce Lee. Saboda haka kada ka fara da fargabar cewa harshe kaɗai zai hana mutum jin daɗi. Abin da na ga yana sa a kashe fim a tsakiya shi ne a ba mutum wanda bai dace da ɗakin da zai kalla ba, ko a bar shi da hanyar fahimtar magana da ta fi ƙarfinsa, ko kuma a cika masa kunne da yabo har abin da idonsa ya gani ya kasa kai inda aka ɗora shi.

Ka fara da tambaya

Kafin sunan wani fim ya fito daga bakinka, ka tambayi mutumin wane fim ya kalla na ƙarshe har ya ƙare, kuma mene ne ya riƙe shi a ciki. Ka lura na ce wanda ya ƙarasa, domin mutane sukan ambaci fim ɗin da suke ganin zai ɗaga darajarsu a idon mai tambaya, amma wanda suka hana idonsu barci dominsa shi ne yake faɗa maka gaskiyar abin da suke so. Wani faɗa ne yake riƙe shi, wani soyayya, wani rikicin gado da na kishiyoyi, wani kuma yana son ya ga yadda mutanen wata ƙasa suke ci da sha da binne mamatansu. Sannan ka tambaye shi yawan lokacin da yake da shi, da abin da zai kalla a ciki, waya ce ko talabijin, da kuma ko yana karanta Faransanci ko Larabci ko Ingilishi da saurin da zai iya bin rubutu yana wucewa.

Tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi ita ce, da wa zai kalla. A garinmu ba kasafai kallo yake zama aikin mutum ɗaya ba. Ko da a waya ne, ƙanne za su leƙo ta kafaɗa, matar gida za ta matso da tabarma, idan kuwa a talabijin ne, to uwa da uba da suruka da jikoki duk suna iya haɗuwa a tsakar gida. Fim ɗin da ka kalla kai kaɗai da abin saurare a kunne, idan ya shiga irin wannan taro, wani abu dabam yake zama.

Na koyi wannan ne ta hanya mai ciwo. Wata shekara da ƙaramar salla kawuna ya ce in kawo musu abin da za su kalla da dare, tun da ƴaƴansa mata sun zo da yaransu. Na ɗauko wani fim na ƙasar Turai da na kalla shekaru biyu kafin nan, wanda labarinsa ya zauna mini a rai, ban kuma sake buɗe shi na duba ba, domin ina ganin na san shi. Ashe akwai wani wuri na minti ɗaya ko biyu a tsakiyarsa da na manta da shi sarai. Da aka iso wurin, tsakar gida ta yi tsit, kawu ya miƙe ya ɗauki butarsa ya fita, matarsa ta kori yara ɗaki. Washegari ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, kai ka kalli wannan abin kafin ka kawo mana shi?" Na ce, "Na kalla, Kawu, amma da daɗewa." Ya ce, "To, gobe ka kalla da idonmu." Tun daga ranar ban sake ba kowa fim don gidansa ba sai na sake bin sa daga farko zuwa ƙarshe, ina tuna fuskokin waɗanda za su zauna a gabansa.

Wannan dubawa ba ta tsaya ga tsiraici kaɗai ba. Akwai labarin da babu ko gashin mace a waje a cikinsa, amma kunya ba za ta bari ɗa ya kalle shi tare da mahaifinsa ba. Misali shi ne Tilaï, wanda Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya yi a 1990 da harshen Mosanci, inda saurayi ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar mahaifinsa ya auri yarinyar da aka yi masa alkawari. Fim ne mai kyau ƙwarai, kuma ina ba abokaina shawararsa, amma ina faɗa musu su kalla da tsararsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka idan kana shakka, ka bayyana wa mai gidan abin da ke ciki a fili, ka bar shi ya yanke hukunci.

Ta wace hanya magana za ta isa kunnensa

A nan ne masu ba da shawara suka fi sakaci, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Fim na wani harshe yakan iso mana ta ɗaya daga hanyoyi huɗu: da muryoyinsa na asali da rubutun fassara a ƙasan allo, ko an ɗora masa muryoyin Faransanci, ko an fassara shi da Hausa kamar yadda ake yi wa na Indiya a Kano, ko kuma wani ya zauna kusa da mai kallo yana yi masa tafinta. Kowace hanya da mutumin da ta dace da shi.

Idan za ka nemo wa wanda ya yi karatun boko, ka san bambancin alamomi biyu da ake liƙa wa sunayen fina-finai. Wanda aka rubuta wa VF an cire muryoyin ƴan wasan an sa na Faransanci, wanda kuma aka rubuta wa VOSTFR muryoyin asali ne, fassarar Faransanci tana gudana a rubuce. Ni dai na fi son na biyun, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma rawar muryar uwa idan tana roƙo da harshenta wani abu ne da mai ɗora murya a wata ƙasa ba ya iya kawowa. Amma wannan son raina ne, ba na ɗora shi a kan wanda karatu yake gajiyar da shi. Ɗalibin da yake fama da Faransancin aji, idan ka haɗa shi da rubutu mai gudu a kan allon waya da bai wuce tafin hannu ba, cikin minti 20 zai ajiye.

Saboda haka ka auna yawan maganar da ke cikin fim kafin ka zaɓi hanya. Une séparation, wanda Asghar Farhadi na Iran ya yi a 2011, kusan dukansa gardama ce, tsakanin miji da mata da ke neman rabuwa, da tsakanin iyali biyu a gaban alƙali, mutum biyu ko uku suna magana a lokaci guda, kuma kalma ɗaya da ta wuce ka tana iya sauya wanda kake ganin yana da gaskiya. Wannan sai mai saurin karatu, kuma gara a babban allo. Yaaba kuwa, na Ouédraogo na 1989, maganarsa kaɗan ce. Labarin wani yaro ne da ya ƙulla zumunci da wata tsohuwa da ƙauye ya ware yana ce mata mayya, yana kiran ta kaka, wanda shi ne ma'anar sunan fim ɗin da Mosanci. Rumbuna da tulu da hanyar rafi da gulmar matan ƙauye duk irin namu ne, har wanda bai taɓa shiga aji ba zai bi shi da ɗan taimako kaɗan.

Fassarar Hausa ta buɗe ƙofa ga mutane masu yawa, musamman iyayenmu mata, kuma ba na raina ta. Abin da ya kamata ka sanar da mutum shi ne cewa masu fassara sukan ƙara barkwancinsu, sukan sauya wa mutane suna, wani lokaci a taƙaita waƙoƙi ko a yanke wani sashe, don haka abin da yake ji haɗin gwiwa ne tsakanin mai fim da mai fassara. Ga fim ɗin faɗa ko na raha wannan yakan ƙara armashi. Ga fim ɗin da ƙarfinsa yake cikin shiru da alhini, barkwanci ɗaya a wurin da bai dace ba yana iya rushe abin da aka yi awa guda ana ginawa, don haka ka saurari fassarar da kanka tukuna. Ka kuma sani cewa da yawa daga cikin waɗanda muke kira Indiya-Hausa asalinsu daga kudancin Indiya suke, da harsunan Telugu da Tamil, ba daga Mumbai ba, kuma wannan yana da amfani idan mutum yana son ya nemi irinsu.

Hanya ta huɗu ita ce wadda na fi samun lada a cikinta, wato ka zauna ka yi tafinta da bakinka. Tana da ƙa'ida. Kafin ka kunna, ka faɗi sunayen manyan mutanen labarin da dangantakarsu, wane ne ɗan wane, wace ce matar wane, domin da zarar Bahaushe ya riƙe zumunci, ya riƙe rabin labari. Idan an fara, kada ka bi kowace jimla, ka bari zance ya kai gaɓa, sannan ka faɗi ma'anarsa a taƙaice, idan ya yi tsawo ka tsayar da fim ɗin. Inda ƴan wasa suka yi shiru, kai ma ka yi shiru. Kuma ka riƙe bakinka daga faɗin abin da zai faru, ko da an matsa maka da tambaya, domin wanda ya riga ya kalla yakan ji ƙaiƙayin nuna ya sani.

Ka nemo abin da ya riga ya sani

Mutum yakan shiga baƙon gari cikin natsuwa idan ya hango fuskar da ya sani a bakin kasuwa. Haka fim yake. Ka duba rayuwar wanda kake ba shawara, ka nemo fim ɗin da ya taɓo wani abu da yake hannunsa kullum.

Wanda ba ya barin rediyo idan ana gasar takobi ta kokowar gargajiya, ka ba shi Dangal na 2016, inda Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, tsohon ɗan kokowa da ya horar da ƴaƴansa mata Geeta da Babita, har Geeta ta ci zinariya a wasannin Kwamanwel na 2010 a Delhi. Zai gane kamun ƙafa da kayarwa ba sai an fassara masa ba. Sai dai ka faɗa masa tun farko cewa mata ne ke kokowar, kuma uban yana da tsanani har ya sa an aske musu gashi, domin wannan zai jawo muhawara a gida, kuma gara ya shirya mata. Manomin da ya san zafin jiran ruwa kuwa, Lagaan na 2001 ya fi kusa da shi. An gina labarin a 1893, a wani ƙauye da fari ya kama, Turawan Ingila suna neman haraji, aka yi yarjejeniya a kan wasan kurket: idan ƙauyawa suka ci a yafe musu harajin shekara 3, idan aka cinye su su biya ninki 3. Mu ba mu san kurket ba, amma su ma ƙauyawan ba su san shi ba, tare da su mai kallo yake koyo. Tsawonsa awa 3 da minti 44 ne, don haka ka ce a raba shi dare biyu. Fina-finan Indiya dama da wurin hutu a tsakiya ake gina su, a nan za a tsaya.

Wanda ya taɓa yin sintiri a ofisoshi yana neman takarda, ko wanda ke jiran saƙon ɗansa daga ƙasar waje, babu abin da zai shige shi kamar Mandabi, wanda Faransawa ke kira Le Mandat, na Ousmane Sembène, 1968, da harshen Wolof. Wani magidanci mai mata biyu a Dakar ya samu takardar kuɗi ta jika 25 daga ɗan ƴar uwarsa da ke aiki a Paris. Gidan waya suka ce sai da katin shaida, katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto, kafin kuɗi su shigo hannu kuma labari ya zaga unguwa, masu roƙo da masu bin bashi sun cika ƙofar gida. Duk wanda na ba wannan fim a Damagaram, sai ya ambaci sunan wani da ya sani wanda irin haka ta faru da shi.

Mai son tarihi kuma ka kai shi ga Sarraounia na Med Hondo, 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1987. Labarin ƙasarmu ne, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma akasarin maganarsa ba da Hausa ba ce, don haka shi ma yana bukatar fassara. Ka tuna masa cewa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ta auka wa Lugu, garin Sarauniyar, a 1899, ragowarta ce ta ƙaraso nan Damagaram a wannan shekarar, aka gwabza a Tirmini da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga. Idan ya san haka, ba zai kalle shi kamar labarin wasu mutane na nesa ba.

Abin da za ka faɗa, da abin da za ka riƙe

Fim ɗaya za ka ba shi. Idan ka ba mutum biyar, ka mayar masa da aikin zaɓen da ya zo ka sauke masa. Ka kuma gabatar da shi cikin jimla uku ko huɗu: wane ne mutumin labarin, wace matsala ce ta same shi, da dalilin da ya sa ka tuna da mai tambaya musamman. Ga yadda nake gabatar da Les Enfants du ciel na Majid Majidi, fim ɗin Iran na 1997. Nakan ce, wani yaro ne ɗan talakawa a Tehran ya kai takalmin ƙanwarsa gyara, ya ɓace masa a hanya, suka ji tsoron faɗa wa mahaifinsu domin sun san ba shi da kuɗin wani, sai suka koma amfani da takalmi ɗaya, ita ta je makaranta da safe, ta rugo a guje ta cire masa ya tafi tasa. Sannan in ƙara da cewa na tuna da kai ne saboda yadda kake da ƙanwarka. A nan nake tsayawa. Akwai gasar gudu a gaba, amma ba na faɗin yadda ta ƙare, kuma duk wanda ya faɗa ya zalunci mai kallo. Fim ɗin kimanin minti 90 ne, kuma yana cikin ƴan kaɗan da nake miƙa wa kowane gida ba tare da wani sharaɗi ba.

Ka yi hattara da yabo. Kalmomi irin su "ba ka taɓa ganin kamarsa ba" bashi ne kake ɗora wa fim, kuma ba kowane fim ne yake iya biya ba. Haka nan kyaututtuka. Parasite na Koriya ta Kudu ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2019, ya kuma zama fim na farko da ba na Ingilishi ba da ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2020, kuma labarinsa na talaka da mai kuɗi yana da kaifi sosai. Duk da haka akwai wurin da bai dace da taron iyali ba, ƙarshensa kuma da jini. Alƙalan da suka ba shi kyauta ba su san gidan kawunka ba. Kyauta tana nuna cewa an yi aiki da gwaninta, amma dacewa da mutumin da ke gabanka kai ne za ka auna ta.

Akwai gargaɗin da ya zama wajibi ko da ba a tambaye ka ba. Ar-Risala na Moustapha Akkad, na 1976, wanda aka ɗauka sau biyu da ƴan wasa dabam-dabam, ɗaya da Larabci ɗaya da Ingilishi, bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, ba a kuma ji muryarsa ba, amma an nuna wasu sahabbai kamar Hamza da Bilal, kuma akwai malaman da ba su yarda da hakan ba. Ka faɗa wa mutum wannan, ya bi abin da ya natsu da shi. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014, yana nuna rayuwar gari a hannun masu ɗauke da makamai, da wurin da yara ke buga ƙwallo babu ƙwallo domin an haramta ta, da wurin jifa da ke da wuyar kallo. A wannan yanki namu akwai mutanen da irin wannan bala'i ya taɓa danginsu, don haka ka san wanda za ka miƙa wa. Wani ɓangare na maganarsa da Buzanci ne, kuma idan kana da maƙwabci Buzu, kallo tare da shi zai nuna maka abin da rubutun fassara ya bari a baya. Tsawo ma abin gargaɗi ne. Shirin Ertuğrul na Turkiyya, da aka nuna daga 2014 zuwa 2019, kashi 150 ne, kowanne kimanin awa 2, kuma yawancin abin da ke ciki ƙirƙira ce aka ɗora a kan ɗan abin da tarihi ya adana game da mahaifin Usman, wanda ya kafa daular Usmaniyya. Ban ga dalilin miƙa shi ga ɗalibin da jarrabawa ta rage masa wata biyu ba.

Ka kai shi har hannu

Shawarar da ta tsaya a baki rabin aiki ce. Ka rubuta masa sunan fim da shekararsa da ƙasarsa, domin fina-finai da yawa suna tarayya a suna, kuma mai tura fina-finai a kasuwa zai ba shi wanda ya fara gani. Idan fim ɗin yana da sunan asali da na Faransanci, ka rubuta duka biyun. Ka fara dubawa ko masu shi sun ɗora shi da kansu a YouTube ko wata kafa ta halal, domin wasu kamfanoni da tashoshi suna yin haka, kuma waɗanda suka zuba dukiya da gumi suna da haƙƙi a kanmu, musamman masu fim na Afirka da ke shan wuya kafin su haɗa kuɗin aiki ɗaya.

Idan fayil ne, ka buɗe farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, ka tabbata murya tana tafiya daidai da baki kuma ba a yanke ƙarshen ba. Ga mai kallo a waya, ƙaramin fayil ya wadatar, babu amfanin cinye masa mega da cika masa memori da hoton da allonsa ba zai nuna bambancinsa ba. Rubutun fassara sau da yawa yakan zo a wani ɗan fayil dabam mai ƙarewa da srt. Ka sa masa suna iri ɗaya da na fim ɗin, ka ajiye su wuri ɗaya, manhajar VLC za ta ɗauko shi da kanta, kuma a cikinta ana iya ƙara girman rubutu, ana iya jinkirta shi ko gaggauta shi idan ya saɓa da magana. Ka yi masa wannan saitin da hannunka kafin ku rabu. Idan kuwa da hali, ka zauna ku kalli minti 15 na farko tare, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a waɗannan mintoci ne baƙon harshe yake daina yi wa kunne nauyi.

Bayan kwana biyu ko uku ka tambaye shi, amma kada ka ce "ya yi kyau ko?", domin kunya za ta sa ya ce e. Ka tambaye shi a ina ya tsaya, wane mutum ne ya fi ba shi haushi, wane ne ya ba shi tausayi. Idan ya ce bai ƙarasa ba, kada ka kare fim ɗin, ka nemi sanin inda ya gaji, domin wannan amsar ita za ta nuna maka na biyun da za ka ba shi. Na taɓa ba wani abokina mai ɗinki fim mai tafiyar hawainiya, ya ce mini hannunsa yana kan keke, idonsa ba ya samun zama a kan rubutu, sai na gane cewa shi mai fassarar Hausa yake bukata, wanda kunne zai bi ko ido yana kan allura.

A damanar bara na zauna da kakata muka kalli Yaaba a waya, na jingina ta da ƙwaryar fura, ina yi mata tafinta. Ba ta ce komai ba sai da aka kai inda mutanen ƙauye suka ɗora wa tsohuwar laifin abin da ba ta aikata ba, sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Maigidana, tsayar. Wannan ba mayya ba ce, rashin dangi ne ya ja mata." Ta ba ni labarin wata mata da aka yi wa haka a ƙauyensu tun tana yarinya, har da sunan rijiyar da aka hana ta ɗiban ruwa, labarin da ko mahaifiyata ba ta taɓa ji ba. Sai da ta gama muka ci gaba. Da fim ya ƙare ta tambaye ni ko mutanen nan suna da wani, na ce mata akwai na wasu yara biyu da takalmi ɗaya, amma daga wata ƙasa mai nisa. Ta ce in kawo shi ranar Juma'a bayan la'asar, in kuma zo da caji a wayar.